Sarewa ko jinya: bishiyoyin Carpinus a arewacin Italiya

Tun farkon shekarun 2000 bishiyoyin Carpinus (irin bishiyar da ake kira hornbeam da Turanci) na lambuna da bakin titunan Lombardiya, wani yanki a arewacin Italiya, ke bushewa. Naman gwari iri biyu ne ke cin su: Anthostoma decipiens, mai fitar da jajayen ɗigo kamar jini a jikin ɓawo, da Cryphonectria carpinicola, mai ƙuraje masu launin ruwan lemo. Dukansu sun fi kama bishiyar da fari ya galabaitar.

Mai lambu na da hanya biyu. Sarewa tana da sauri, tana rage yaɗuwa, kuma reshe ba zai faɗo kan mai wucewa ba. Sai dai inuwar shekaru ta tafi kenan.

Jinya kuwa aiki ce mai cin rai. A datse reshen da ya kamu har cikin lafiyayyen itace, a wanke zarto kafin a taɓa wata bishiyar, a kwashe datsen daga wurin, sannan a yi ban ruwa lokacin zafi. Ni na fi son wannan, muddin ciwon yana rassa. In jan ɗigon ya zagaye gangar jiki, ɓawo ya fara ɓarewa, sarewa ce kawai ta rage.