Yankari a matsayin wurin kai ɗalibai: abin da ake samu da inda tafiya ke lalacewa

Gandun dajin Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma tun 1962 ake shigarsa yawon buɗe ido. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karya a Dindima zuwa ƙofar da ke Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi da maɓuɓɓugar ruwan wanka suke, akwai wajen kilomita 40 cikin daji, saboda haka motar makaranta ta sha mai tun daga gari, a kuma duba safaya.

A je da rani, daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Da damina kuwa sai a zagaya a dawo ba a ga komai ba sai ganye.

Amfanin wurin ga ɗalibai ya fi ƙarfin ganin ɓauna da gwanki. Nisan sansanin da gari shi ke tilasta wa yara dogaro da juna. Amma sai malamai sun tsara. A raba su rukuni-rukuni na mutum 8 zuwa 10, kowane da malami ɗaya, a cakuɗa aji da unguwa da addini, kada a bar kowa ya zaɓi abokinsa. Wannan rukuni ya ɗauki rabon abinci, wancan ruwan sha, wani kirga kawuna duk lokacin da za a hau mota. Yaron da bai taɓa wanke kwano a gida ba, a nan zai wanke na mutum goma.

Inda aka fi yin asara shi ne a ƙare tafiyar a wanka da ɗaukar hoto. A nemi ma'aikacin daji ya zauna da ɗalibai ko da awa ɗaya, su tambaye shi batun mafarauta, da makiyaya masu shigo da shanu, da giwayen da ke cinye gonakin ƙauyukan kewaye. Daga nan gardama ke tashi a tsakaninsu: manomi ne da gaskiya ko mai gadin daji? Kogunan dutse na Marshall da tsofaffin rijiyoyin Dukkey ma suna nuna musu mutane sun rayu a dajin tun da daɗewa.

Ruwan Wikki ɗumi gare shi, digiri 31 dare da rana, amma akwai wuraren da ke shanye kan yaro. A ware lokacin mata da na maza, malami na tsaye a baki. Birai a sansanin ɓarayi ne na gaske, leda a hannu ko taga a buɗe ta ishe su. Akwai ƙudan tsando, a sa riga mai dogon hannu, a guji baƙa da shuɗiya. Ɗakuna da motar zagaya daji kuma a kama su makonni kafin tafiya, musamman lokacin hutun ƙarshen shekara.