Tashin Tsaye a Wasannin Kumbo: Na Gaske ko Mai Sauƙi?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: a wasannin tuƙin kumbo, wanne ya fi tsakanin wanda kumbo ke ɗagawa tsaye ya tsaya cak a sama da danna maɓalli ɗaya, da wanda sai ka yi gumi kafin ka rabu da ƙasa lafiya? Ka kuma ce abokanka na yi maka tsiya wai na farkon wasan yara ne. To, bari mu jera su kafaɗa da kafaɗa, domin ni a ganina abokan naka sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: gaskiya daban, wahala daban.

Mu fara da abin da ke faruwa idan kumbo ya tsaya a sama bisa ƙarfin injinsa. Ba fukafuki ke riƙe da shi ba, wutar da yake fesawa ƙasa ce kaɗai. Idan turin injin ya yi daidai da nauyinsa, sai ya tsaya. Ya ɗara kaɗan, ya yi sama. Ya gaza kaɗan, ya nutse. Wannan bai kai karkata tsanani ba. A ƙarfin ja irin na duniyarmu, idan kumbo ya karkata da digiri 10 kacal, turin da yake asara ta sama bai kai kashi 2 cikin 100 ba, don haka ba za ka ga yana faɗuwa ba, amma gudunsa ta gefe yana ƙaruwa da kusan mita 1.7 a daƙiƙa, kowace daƙiƙa. Kafin ka ƙirga biyar ya kai gudun kilomita 30 a awa, kuma ba birki. Miƙe shi ma ba ya tsayar da shi, sai ka karkata ta ɗaya gefen gwargwadon yadda ka karkata da farko. Nan ne sababbin matuƙa ke shiga lilo: gyara ya wuce, gyaran gyara ya fi wucewa, har a rungumi ƙasa.

Wasan Kerbal Space Program, wanda ya fito cikakke a 2015, bai ɓoye maka ko ɗaya daga cikin wannan. Kai ka ƙera kumbon, don haka idan injinan ba su zauna daidai ƙarƙashin tsakiyar nauyinsa ba, yana ɗagawa zai wuntsila. Wani abin haushin kuma, mai na ƙonewa, kumbo na rage nauyi, tsakiyar nauyin na gusawa. Totur ɗin da ya tsayar da kai ɗazu yanzu sama yake kai ka. Orbiter na Martin Schweiger, wanda ake rabawa kyauta tun shekarar 2000, shi ma lissafinsa ba wasa. Amma lura da wani abu: jirginsa Delta-glider yana da injinan ɗagawa a ƙarƙashin ciki, kuma yana da matuƙi mai sarrafa kansa da zai riƙe maka tsayin da kake. Wasan da ake kafa hujja da shi wajen bin gaskiya, ga shi da kansa yana miƙa maka hannu.

A ɗaya ɓangaren akwai No Man's Sky na 2016. Ka danne maɓalli, kumbo ya yi tsalle sama, shi ke nan. Abin da kawai zai dame ka shi ne ko akwai man tashi. Ban ga laifinsa ba. Wasan yawo ne da tono, wanda zai tashi sau ashirin a zama ɗaya ba ya son kowane tashi ya zama jarrabawa. Elite Dangerous na 2014 ya zauna a tsakiya. Idan mataimakin tuƙi na kunne, ka saki sanda kumbo ya tsaya inda yake, ko da hancinsa na kallon ƙasa, kamar an rataye shi da ƙusa. Ka kashe mataimakin, sai duk turin da ka yi ya zauna maka har sai ka soke shi da hannunka.

Yanzu ga inda na rabu da abokanka. Mu duba yadda ake yi a zahiri.

Mutum shida ne kawai suka taɓa saukar da kumbo a kan wata da hannunsu, kwamandojin Apollo daga 1969 zuwa 1972, kuma babu ko ɗayansu da ya yi shi ba tare da kwamfuta ba. Ko lokacin da Neil Armstrong ya karɓi tuƙi a Apollo 11 don kauce wa duwatsu, kwamfutar ce ke harba ƙananan rokokin da ke daidaita kumbon. Shi yana nuna inda yake so a karkata, ita tana aiwatarwa. Saurin sauka kuwa da wani ɗan makunni ake gyara shi, kowane taɓi ɗaya ƙafa ɗaya a daƙiƙa, totur ɗin yana hannun kwamfuta. Wato abin da ɗan wasa ke kira ragwanci, shi ne ainihin tsarin da ya kai mutane wata. Tashin ma fa? Injin tashi daga wata ba a rage masa ƙarfi ko a ƙara, kunnawa ne da kashewa. Duba hoton bidiyon tashin Apollo 17 a Disambar 1972: ba shawagi, ba tsayawa kallon gari, fit ɗaya ya yi sama. Dalili kuwa shi ne shawagi ɓarnar mai ne tsagwaronta. A duniyarmu, minti ɗaya na tsayuwa a sama yana cinye man da zai iya ƙara wa kumbo gudun kusan mita 590 a daƙiƙa, kuma ko taku ɗaya ba ka yi ba. Rokar Falcon 9 ma, da ta fara dawowa ta sauka a tsaye a Disambar 2015, ba ta iya shawagi sam: injinta ɗaya, a mafi ƙarancin ƙarfinsa, ya fi ƙarfin nauyinta idan mai ya kusa ƙarewa. Dole kwamfuta ta auna yadda gudun zai ƙare daidai lokacin da ƙafafu suka taɓa ƙasa.

Ba ina cewa abin ba wuya ba ne. Injin horon da Amurka ta ƙera don koyon saukar wata ya kusa halaka Armstrong a ranar 6 ga Mayu 1968, sai da kujera ta cilla shi waje kafin ya tarwatse. A wata kuma, inda ƙarfin ja yake kashi ɗaya cikin shida na duniyarmu, ƙaramar karkata ba ta motsa ka sosai, sai ka karkata ninki-ninki fiye da yadda jirgi mai saukar ungulu zai yi kafin ka ga tafiya. Duk wanda ya sauka a Mun, watan da ke cikin wasan Kerbal, ya san wannan jinkirin. Wahalar tana nan, amma injiniyoyi ba su bar ta a kan matuƙi don burgewa ba.

Akwai kuma rashin adalcin da masu son "gaskiya" ke mantawa. Matuƙin gaske yana jin motsi a jikinsa da cikin kunnensa, yana ganin ƙasa ta gefen ido. Kai kana gaban allo, kana leƙen duniya ta taga ɗaya, hannunka a kan madannan da ba su san "kaɗan" ba, ko dai a danne ko a sake. Idan wasa ya ɗora maka cikakken lissafi ya kuma hana ka taimako, ya ba ka aikin da ya fi na matuƙin gaske wuya da kayan aikin da ba su kai nasa ba. Shi ya sa mai sandar tuƙi da totur na hannu zai rantse wasa lafiya lau yake, mai madannai kuma ya rantse a lalace yake, kuma duk su biyun gaskiya suka faɗa.

Star Citizen ya gwada wannan a 2019. A sigar gwaji ta 3.6 suka shigo da tsarin shawagi, inda kumbo idan ya rage gudu kusa da ƙasa yake komawa kamar jirgi mai saukar ungulu: ka sunkuyar da hanci, ya zame gaba. Manufar mai kyau ce, don a daina ganin katafaren jirgi tsaye kai a ƙasa yana ɓarin wuta. Amma 'yan wasa suka yi ta fasa jirage a bakin garejinsu, ƙorafi ya yi yawa, a siga ta gaba aka cire shi. Ni a ganina lissafin ba shi ne matsalar ba. Jirgin da aka ce ya zo daga ƙarni na 30 a ce ba shi da abin riƙe wuri, alhali jirgin yaƙi F-35B na yau kwamfuta ke daidaita masa shawagi bayan wuyar da matuƙan Harrier, tsohon jirgin yaƙi mai tashi tsaye, suka sha? Wannan ba ya shiga hankali.

Saboda haka idan ka matsa mini in zaɓa, na fi son wasan da lissafinsa na gaske ne, mai na ƙonewa, nauyi na ja, amma taimakon yana hawa-hawa kuma kana iya kashe shi. Abin da ba na so shi ne sauƙin da aka samu ta hanyar share ƙarfin ja gaba ɗaya, domin a nan ba abin da za ka koya ko da ka so. Kai da ka ce da madannai kake wasa, fara da Elite Dangerous da mataimaki a kunne, ko Kerbal da SAS, wato na'urar daidaita kumbo, a kunne, a kan ƙaramin watan Minmus inda ja ɗin bai da ƙarfi. Ɗaga mita biyar, tsaya daƙiƙa goma, sauka inda ka tashi. Ranar da ka yi haka sau uku a jere, kashe taimako ɗaya ka sake gwadawa, sannan ka miƙa wa abokan naka madannan su ma su nuna.