Inshorar babur: sun biya, amma kuɗin bai sayi wani babur ba

Ga mai gaggawa, hukuncina ke nan: kamfanin ya biya, bai yi mini wasa da hankali ba, amma abin da ya shigo asusuna bai kai rabin kuɗin sabon babur ba. Ba zan kama sunansa ba, don abin da ya ci ni ba a wajensa kaɗai ake yin sa ba.

Boxer ne, na ɗauke shi a ƙarshen 2022 ta hannun ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, ina biyansu a hankali, ina ɗaukar kayan shago da shi daga Kantin Kwari zuwa Hotoro. Su suka gindaya sharaɗin a yi masa cikakkiyar inshora, ba ƙaramar nan ta dole ba. Bambancin yana da girma. Ƙaramar, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta yanke wa naira 3,000 a shekara ga babur tun Janairun 2023, wanda ka yi wa ɓarna take biya, har naira miliyan 1 idan dukiya ce. Naka baburin ko ya zama gari, ko sisi ba ka da shi. Cikakkiyar kuwa ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta wa abin hawan, ita ce kuma ke ɗaukar asararka. Bayan na gama biyan ƙungiya na ci gaba da sabunta ta.

A daminar 2024 wata tifar yashi ta gangaro da baya a wajen Na'ibawa, birki ya ƙi ci. Na yi tsalle na dira, na tsira da targaɗe, babur ya shige ƙarƙashin taya. Tanki ya lotse kamar gwangwanin madara, injin ya tsage, mai ya malale a kwalta.

Washegari mutanen mai tifar suka zo gida da wani dattijo. "Malam, a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na ce, "Haka ne, Baba, amma a ba ni takardar inshorar motar." Da muka sa lambar motar a rumbun bayanan NIID, inda duk inshora ta gaskiya ke fitowa, ba ta fito ba. Irin ta bogin nan ce da 'yan kamasho ke haɗa wa mutum da takardun mota a bakin ofishin lasisi. Wannan ƙofa ta rufe ke nan, sai kamfanina.

In faɗi alherinsu. Na kira a ranar, an ɗauka, wata ma'aikaciya ta fara da yi mini jaje kafin ta tambayi lambar takardata. Ta ce kada in bari bakanike ya kwance ko ƙusa ɗaya, in turo hotuna ta WhatsApp. Suka nemi rahoton 'yan sanda, da rasidin saye, da takardun babur, da kiyasin gyara, da lasisin tuƙi. Lasisin nan shi ke kayar da mutane da yawa, don na babur daban yake, aji A, kuma masu hawa nawa ne ke da shi? Sun kuma bi diddigin ko haya nake yi, tunda an rubuta babur ɗin ba na ɗaukar fasinja ba ne. Rahoton 'yan sanda shi ya fi cin ƙafa, amma wannan ba laifin kamfani ba ne.

Injiniyansu ya zo, ya zagaya babur ɗin, ya durƙusa ya leƙa ƙarfen jikinsa da ya lanƙwashe, ya duba lambar inji da fitilar waya. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce kuɗin gyara ya wuce darajarsa, ya tashi aiki.

A lissafi ne muka sami saɓani. Darajar da ke kan takardata ita ce farashin 2022. Tsakanin nan an saki naira a Yunin 2023, farashin babur ya ninka har da ɗori. Da lokacin sabuntawa ya yi, saƙo kawai suka turo mini da tsohon kuɗi, babu wanda ya ce, "Alhaji, babur ɗinka ya fi haka tsada yanzu, mu ɗaga darajar?" Ƙa'idarsu kuma ba a biyan abin da ya wuce adadin da aka rubuta, kome kasuwa ta ce. Daga wannan adadin suka cire kason da mai inshora ke ɗauka da kansa a kowace asara, wanda yake rubuce da ƙananan haruffa a shafin da wakilinsu bai taɓa buɗe mini ba. Ragowar babur ɗin ma ta zama tasu, sai dai in yarda a ƙara zabge kuɗinta. Na bar musu, su da 'yan gwangwan su ƙarata. Maganin ƙafata kuwa daga aljihuna, wai raunin direba wata inshora ce daban.

Bisa takarda ba su zalunce ni ba. Amma mutumin da aikinsa ke nan, yana ganin farashi na tashi kullum, ya yi shiru ya karɓi kuɗinka, bai yi maka aikin ba. Abin mamaki, da sun faɗa, su ma kuɗinsu ne zai ƙaru.

Bayan na sa hannu a takardar amincewa da adadin, biyan bai daɗe ba. Karanta ta da kyau, don da zarar ka sa hannu magana ta ƙare. In ba ka gamsu ba, NAICOM na karɓar ƙorafi, gara ka kai kafin sa hannun.

Zan sake yi? Na ma riga na yi, a kan babur na hannu da na haɗa kuɗi na saya. Wannan karon takaful na koma, wato inshora irin ta tsarin Musulunci, don mahaifina bai taɓa samun natsuwa da waccan ba, amma sharuɗɗan biyan kusan duk ɗaya ne. Na je da kaina, na sa suka rubuta farashin kasuwa na ranar, kuma na ce a nuna mini kason da za a cire kafin in biya.