Gilashin ƙara girma na aljihu: yadda yake mini aiki a shagon hatsi

Duk mai sayen masara da wake don ajiya ya kamata ya mallaki wannan ɗan gilashin mai ƙara girma sau 10, irin wanda ake naɗewa, mai 'yar fitila a gefe. Kuɗinsa bai fi na kwano biyu na wake ba.

A Dawanau duk abin da ya huda hatsi ƙwaro muke ce masa, amma da ka ɗora gilashin sai ka ga ba ɗaya ba ne. Ƙwaron masara tsawonsa bai cika wuce milimita 4 ba, yana da dogon baki mai ɗan lanƙwasa, da ɗigo huɗu jajaye-jajaye a kan fukafukansa. Macen takan huda ƙwaya, ta saka ƙwai a ciki, ta toshe ramin. Shi ya sa za ka ga masara tas a ido, alhali ciki ana ta ɓarna.

Na wake ba shi da dogon bakin nan. Gajere ne, kuma fukafukansa ba sa rufe ƙarshen cikinsa. A nan gilashin ya fi yi mini rana, domin shi a bayan ƙwaya yake manna ƙwansa. Kafin in biya kuɗin buhu nakan ɗebi wake a tafin hannu in haska. Idan na ga 'yan fararen ɗigogi manne a fatar, na san sai dai ya shiga buhun PICS, wato buhun ajiya mai leda a ciki da ke hana iska shiga, a ɗaure tam, ko in bar wa mai shi kayansa.

Wanda nake tsoro shi ne mai jiki kamar guntun kara, kansa a ɓoye ƙarƙashin wuya, bayansa kamar an datse. Shi ne babban mai huda hatsi da ya shigo Afirka daga Amurka ta Tsakiya, kuma garin da yake bari a gindin buhu yana da yawa ƙwarai.

Gilashin yana da iyakarsa. Ba zai raba maka ƙwaron masara da na shinkafa ba, don kamanninsu ta yi yawa, wannan aikin masana ne. Sai ka kawo shi dab da ido kafin abu ya fito sosai, batirin fitilar kuma ba ya jimawa. Ƙurar shago tana karce shi, don haka a cikin ƙyalle nake naɗe nawa.