NPH ko glargine: wace insulin ce ta fi dacewa da babba mai ciwon sukari?

NPH da glargine nau'o'in insulin ne, wato maganin allura mai rage sukarin jini. Dukkansu aikinsu riƙe sukarin jini ne tsakanin cin abinci da kuma lokacin barci. NPH fara ce kamar madara, sai an murza ta a tafin hannu kafin allura. Ƙarfinta yakan kai ƙololuwa awa 4 zuwa 10 bayan an yi ta, shi ya sa wanda ya yi da daddare sukarinsa kan iya faɗuwa yana barci. Wannan ne ya fi damuna da ita. Sau da yawa kuma sai an yi sau biyu a rana.

Glargine garau take kamar ruwa, tana aiki a hankali kusan awa 24, yawanci allura ɗaya a rana ta isa. Sai dai ta fi tsada, kuma ba a haɗa ta da wata insulin a sirinji ɗaya. Mai fama da faɗuwar sukari cikin dare, ya tuntuɓi likitansa kan komawa glargine.