Sharhi kan na'urar gano harshen wuta X3301: aikin yana ga waya

Na yi aiki da X3301 ta kamfanin Det-Tronics a wurin ɗura iskar gas, kuma idonta bai ba ni kunya ba. Idanu uku ne da ita masu karanta zafin harshen wuta, shi ya sa hasken rana ba ya ruɗa ta ta yi ihun banza. Amma duk kyanta, mai haɗa waya ne ke raya ta ko ya kashe ta.

Manyan hanyoyin da take kai saƙo ɗakin kula biyu ne. Akwai rile, wato makunnin da na'urar ke kunnawa da kanta, guda uku, na gobara, na matsala da na ƙari, masu ɗaukar amp 5 a volt 30. Akwai kuma layin 0 zuwa 20 mA (miliamp, ma'aunin lantarkin da ke bin wayar), kuma shi na fi so, don yana faɗin abin da ke damunta: 4 lafiya lau, 20 gobara, 2 gilashi ya yi datti, 1 matsala a cikinta, sifili babu lantarki ko waya ta tsinke. Da hunturu, ƙura na rufe gilashin, sai ka ga 2 a fanel, wato allon ɗakin kula, fitilarta ta koma rawaya daga kore. Auduga da ruwan goge gilashi sun wadatar.

Masu amfani da rile kaɗai su kula. Rilen matsala a kame yake muddin komai lafiya, sai matsala ta faru ko lantarki ya ɗauke ya saki. Dole a jera shi da resistan ƙarshen layi, wanda da shi fanel ke gane cewa waya ba ta tsinke ba, a cikin na'urar kanta. Wasu don sauƙi a bakin fanel suke maƙala resistan, to ko ɓera ya cinye wayar, fanel zai ci gaba da nuna lafiya. Wannan ganganci ne da rayukan mutane.

Sai faɗuwar volt. Tana son 24, ba ta yarda da ƙasa da 18 ba, kuma tana da hita mai hana raɓa kwanciya a gilashi. Idan hitar ta kama, cinta na iya kusantar wat 17, wajen amp 0.7 ke nan. Waya mai kaurin 1.5 mm² a nisan mita 300, zuwa da dawowa mita 600 ne, kusan om 7, volt 5 sun tafi a hanya. Wuta ta ɗauke, batir ya sauko 22, na'ura ta fara kawo matsala da asuba, a yi ta zarginta a banza. A sa waya 2.5 mai riga, wato rufin ƙarfe mai kare saƙo, a auna volt a bakin na'urar, ba a fanel ba. Rigar kuma gefe ɗaya ake haɗa ta da ƙasa.

A sunkuyar da fuskarta digiri 10 zuwa 20 don kada ruwa ya zauna, kebul ya ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ya shiga, ramukan da ba a yi amfani da su ba a toshe da marfin da aka amince da shi a wurin gas. Tana da tsada, amma zan sake sayenta.