Had disk mai kat-kat: a buɗe shi a gida ko a kai wa ƙwararru?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: had disk ɗinsa ya faɗo daga kan tebur, yanzu in ya jona shi sai kat-kat-kat, kwamfuta kuma ba ta ganinsa. Hotunan iyali na shekara da shekaru na ciki. Ya buɗe da kansa kamar yadda yake gani a bidiyo, ko ya kai wa masu ceto bayanai?

Malam, fara cire shi daga wuta tukuna. Wannan ƙarar ta allurar da ke karanta bayanai a kan faifan da ke cikin disk ɗin ce, tana neman hanya ta rasa, kuma duk jonawar da ka yi tana iya ƙara kankare faifan.

Abin da ya raba aikin gida da na ƙwararru murfin ƙarfen da ya rufe cikin disk ɗin ne. Duk abin da ke wajensa, mai haƙuri zai iya a gida: sauya waya, ciro disk ɗin daga kwansonsa a jona shi kai tsaye, ko kwafe shi kacokan zuwa wani da manhajar ddrescue in dai yana juyawa lafiya ba ƙara. Har koren allon lantarkin da ke ƙarƙashin disk ɗin ana sauyawa in ya ƙone, sai dai galibi dole a cire ƙaramin cif ɗin ROM na tsohon allon a dasa a sabon, domin saitin wannan disk ɗin shi kaɗai na cikinsa. Da yawa sun sayo allo iri ɗaya sak, sun ɗaura, shiru kake ji.

Cikin murfin kuwa wata duniya ce. Faya-fayan na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar kuma ba ta taɓa su, tana shawagi ne a kan iska da tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba. Kaurin silin gashi ya ninka wannan sau dubbai. To ka ga ƙwayar ƙura ɗaya dutse ce a gabanta, shatin yatsa kuwa ba a magana. Ƙwararre yana buɗewa ne a ƙarƙashin tatacciyar iska, ya nemo wani disk ɗin da ya dace da naka ya ciro allurarsa, ya sa wani ɗan ƙarfe mai kamar mataji tsakanin kawunan allurar don kada su manne da juna. Kai fa? Sukundireban Torx da fitilar waya. In ma faya-fayan sun fi ɗaya ka kuskura ka goce jerinsu, da wuya a sake karanta su.

Su ma ƙwararrun ba gyara suke yi a ci gaba da amfani da shi ba. Lallaɓa shi suke yi ya tashi, su kwashe abin da ke ciki, shi ke nan. Aikin na da tsada, babu tabbas, kuma wanda aka riga aka buɗe a gida ya fi ba su wahala, wasu ma sukan ƙara kuɗi a kansa. Zancen sa shi a firiza kuwa ka manta da shi, raɓa kawai zai tara.

Naka da ya faɗo har yake ƙara, ciwon na ciki ne, ni dai ba zan kwance ko noti ɗaya ba. In sha'awar gani ce ke cin ka, samo mataccen disk da ba mai buƙata ka buɗe. Akwai noti ɓoye a ƙarƙashin takardar da ke manne a murfin, laluba da yatsa za ka ji raminsa. Ka yi hattara da maganaɗisun ciki, yana matse yatsa ba wasa, faifan na laftof kuma sau da yawa gilashi ne, in ka lanƙwasa shi tarwatsewa yake yi.